Motar da Titus Ya Bari

Sifanar ta sake zamewa, hannun Edna ya bugi gefen inji, fatar yatsunta biyu ta saluɓe. Ta tsotse jinin, ta ɗauko ta gaba. Wannan kuma ta ƙi shiga kan notin sam. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya: wadda ba ta yi girma ba ta yi kaɗan, kamar takalmin aro.

Jiya da yamma ta sayo su a babbar kasuwa, ɗaure da waya, tsofaffi masu nauyi, kuma da araha. Ba ta tsaya dogon tunani ba, don duk wanda ya tashi a Gombe tun zamanin manyan motocin auduga ya san ƙarfen Ingila shi ne ƙarfe. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne motar da mijinta Titus ya mutu ya bar mata ƙirar Faransa ce, kuma Bafaranshe da Bature ɗan Ingila ba su taɓa shiri ba, ko a kan awon noti.

Motar tana tsaye a tsakar gidansu na unguwar Herwagana tun ranar da aka binne shi. Bayan zaman makoki 'yan'uwansa sun raba kayansa kamar yadda aka saba, wani ya ɗauki kwat, wani rediyo, wani akwatin kayan gyara. Motar ce kaɗai ta rage, don ta ƙi tashi. Makon jiya sai ga saƙo daga ƙauye, can wajen Biliri. Baba, surukinta, ya ce ba za a bar dukiyar ɗansa ta ruɓe a hannun mace ba, tunda ba ta motsi, Yaya Bernard, wan Titus, zai zo ranar Asabar ya janyo ta. Yau ce Asabar ɗin.

Edna ba ta tsoron surukinta, amma maganar ta ƙona mata rai. Da wannan motar Titus ya koya mata tuƙi a filin ƙwallo, yana dariya tana zagin kulocin. Da ita take fatan ci gaba da kai 'yarta Christy makaranta, ta wuce ɗakin shan magani inda take aikin ungozoma a bayan gari. Ta je wa bakanike, ya yi mata cajin batir, ya sayar mata da sabon bel na fanka, sannan ya ce ta dawo bayan sati biyu. Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, kowane akawu ya yi mota, kanikawa sun zama sarakai. Ita kuwa ta sha tsayawa kan Titus duk safiyar Asabar tana miƙa masa kaya, ta san inda hannu ke zuwa. Abin riƙewa ne kawai babu.

Maƙwabciyarta Safiyyatu ta leƙo ta kan katanga, ta ga ƙafafu a waje, kai a cikin inji, ta tambaya ko haihuwar ta zo da gardama ne. Edna ta ce mata ɗan ya juyo da ƙafa, amma zai fito.

Ta shiga wanke hannu a bayan ɗaki. Sabulun wanki ya kwana cikin ruwa ya yi laushi, zobenta ya bar shaida a jikinsa. Ta tsaya tana kallon shaidar. Sai ta yanka sabulun gida-gida da wuƙa, ta koma wajen mota, ta danna kowane yanki a kan notin da take bukata: na kan batir, na dinamo inda bel yake, da na murfin matatar iska. Kowanne ya fito da kusurwoyinsa shida tsaf. Ta jera su cikin kwanon sha, ta rufe, ta tattara ƙarfen Ingila cikin jaka, ta ɗaura ɗankwali, ta nufi kasuwa.

Malam Bamanga, wanda ya sayar mata da su, asalin sana'arsa sayar da kwaɗon ƙofa da fitilun ƙwai ne, zuwan motoci ne ya sa ya ƙara da kayan gyara. Yana ganin jakar ya ɗaure fuska, ya ce kayan da ya bar rumfa ba ya dawowa, kuma sifana ai sifana ce. Da ya ga ba ta da niyyar tafiya sai ya sauya salo, ya sauko da wani jan akwati daga sama, ya buɗe mata shi a hankali. Komai a jere yana ƙyalli, daga ƙarami har babba. Ya ce manyan ma'aikata duk irinsa suke saye.

"Su kuma suna buɗe shi, Malam?"

"To, wannan kuma tsakaninsu da Allah," in ji Bamanga. "Amma yana da kyau a bayan mota."

Gaskiya ta so akwatin nan, ta so shi ƙwarai. Sai dai albashin ungozoma da ciyar da gida ba su san jan akwati ba, kuma rabin abin da ke ciki sai ta tsufa ba ta taɓa shi ba. Ya nuna mata wata kuma da ake murzawa ta buɗe baki ta kama kowane noti, ya ce ita kaɗai ta isa. Edna ta girgiza ta, ta ji bakin yana rawa, ta ajiye. Ta riga ta ga abin da sakwarkwataccen baki yake yi wa noti da yatsu.

A ƙarƙashin tebur akwai wani tsohon daro cike da tarkace, kowane ƙarfe da uwarsa daban. Ta janyo shi, ta tsuguna, ta buɗe kwanon sha. Bamanga ya leƙa, ya ga sabulu, ya yi salati. Maƙwabtan rumfa suka matso kallo, wani yana cewa yau ga mai wanki ta ɓata hanya. Ba ta ɗaga kai ba. Tana ɗaukar sifana, ta ɗora bakinta a kan shaidar, in ya wuce ta jefar, in bai kai ba ta jefar. Ta daɗe a haka, ƙafafunta suka sage, kafin ta ware guda uku da suka zauna daidai. Ta ƙara da ta kwance fulogi, da filaya, da sukundireba ɗaya mai kauri. Suka yi musaya da ƙarfen Ingila, ta yi ɗan ciko, Bamanga yana ta mitar an cuce shi, yana kuma naɗe mata su da kyau cikin takardar siminti.

Rana ta take lokacin da ta koma gida. Sifanar farko ta zauna a kan noti ɗaf, ta murɗa, ya saki. Daɗin da ta ji har cikin ƙirjinta, ta kusa yin kuka, amma ba lokaci. Ta kankare kan batir da wuƙa, ta ɗaure. Ta sassauta dinamo, ta sa sabon bel, ta danna shi da babban yatsa kamar yadda Titus yake yi. Ta kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya, ta goge baƙin da ke bakinsu, ta mayar. Ta ɗura ɗan fetur, ta shiga, ta murɗa makulli. Motar ta yi tari ta mutu. Ta sake, ta sake. Can sai injin ya kama, hayaƙi ya cika tsakar gida, kaji suka watse, Safiyyatu ta rangaɗa guɗa daga bayan katanga.

Cikin hayaƙin nan Yaya Bernard ya yi sallama, shi da wani direba da ya ɗauko daga tasha, da doguwar igiya a kafaɗarsa. Ya tsaya yana kallon motar, ya kalli hannayen Edna baƙi ƙirin, ya zagaya ya ɗan bugi taya da ƙafa. Mutum ne mai sanyin magana, abin da ya sa maganarsa ta fi zafi.

"Sannu da ƙoƙari, Maman Christy. Kin hutar da mu ja. Yanzu sai kawai a tuƙa ta."

Edna ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ashe duk wahalar nan sauƙi ta yi musu. Direban har ya miƙo hannu wajen ƙofa. Ta dube shi sau ɗaya, ya janye hannun.

Ta rufe bonet, ta naɗe kayan gyaranta, ta sa su ƙarƙashin kujerar direba. Ta ɗaga murya ta roƙi Safiyyatu ta riƙe mata Christy zuwa gobe. Sannan ta zauna, ta gyara madubi, ta miƙa hannu ta buɗe ƙofar baya.

"Baba ya ce a kai masa mota don ba ta motsi, ko ba haka ba, Yaya?"

Bernard ya ce haka ne.

"To, ni zan kai masa. Gani ya kori ji. In ya ga wadda ta tayar da ita, ya ga wadda ta tuƙo ta har ƙofar gidansa, ya sake cewa a karɓe, sai ya faɗa mini a idona. Shiga mu tafi, kada dare ya yi mana."

Bernard ya dubi direban, direban ya dubi sama. Mutanen layi sun fara taruwa a bakin ƙofa, kuma ba ƙaramin abin kunya ba ne a ga dattijo yana kokawar sitiyari da matar ƙanensa marigayi. Ya sallami direban, ya sunkuya ya shiga baya, ya ɗora igiyar a kan cinyarsa.

Edna ta sa giya, ta fito da motar a hankali ta tsakiyar jama'a, ta karya kan hanyar Biliri.