Yatsan Tela

Dakta ta jera takardu biyu a kan tebur, ta gyara musu zama, sannan ta tura su gaban Mikiya.

"Baba, duba min waɗannan. Sa hannun wa ke ƙasa?"

Ko gilashin ƙara girman da ke aljihunsa bai taɓa ba. "Nawa ne, duka biyun," ya ce. "Sai dai na hagun nan lokacin hannu bai fara rawa ba."

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana sashen duba zanen yatsa na 'yan sanda. Lauyoyi ne suka laƙaba masa Mikiya, saboda in ya ɗora gilashinsa a kan hoton yatsa ya ce na wane ne, to magana ta ƙare, sai alƙali ya ɗauki biro. Yakan nuna kamar sunan bai dame shi ba, amma a kira shi da na yanka a gani, sai an kira sau biyu yake waiwaya.

Bara ne ma'aikatar shari'a ta ƙulla yarjejeniya da jami'a, wai a auna masu awo. Aka ba kowane mai duba yatsa ambulan ashirin, kowane ɗauke da hotuna biyu, ba suna, ba fayil, ba wanda zai tsaya maka a ka. Ka duba ka rubuta: yatsa ɗaya ne, ko ba ɗaya ba ne. Mikiya ya gama nasa cikin kwana biyu, har yana tsokanar abokan aiki cewa yaran jami'a sun zo koya wa kifi iyo. Wannan Dakta da ke gabansa, wadda ba za ta girmi 'yarsa ta fari ba, ita ce shugabar aikin, ita ce kuma ta yi waya jiya ta ce tana son ganinsa shi kaɗai.

"Ta daman nan amsarka ce ta ambulan na goma sha bakwai, sati uku da suka wuce," ta ce. "Karanta min."

Ya karanta. Ba yatsa ɗaya ba ne. A lokacin ya ja layi biyu a ƙarƙashi, har ya ƙara a gefe da jan biro: ko ɗan koyo zai gani.

"Ta hagun fa?"

Rahoton kotu ne, takardar ta yi ja don tsufa. Yatsa ɗaya ne, babu shakka. Kwanan watan ya nuna shekara goma sha huɗu.

"Baba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "hotunan nan guda ne. Daga tsohon fayil ɗinka muka ciro su, muka sa a ambulan. Mutum huɗu ban da kai sun duba su, kowa ya ce ba ɗaya ba ne."

Mikiya ya zauna yana jiran wani abu ya taso masa, fushi ko kunya ko tsoro. Ba abin da ya zo. Sai ya tsinci kansa yana lura da cewa fankar ofishin na da fiffike ɗaya a lanƙwashe, a waje kuma ɗalibai na jan kujeru. Ya duba sunan da ke saman rahoton bai gane shi ba. Da idonsa ya sauka kan layin sana'a ya ga an rubuta tela, sai komai ya dawo.

An fasa wani shagon kayan waya, an bugi mai gadi a ka, ya cika a asibiti. Aka samu rabin zanen babban yatsa a jikin gilashin taga. Sufeton da ke binciken ya kawo fayil ɗin da kansa, ya zauna a gefen teburin Mikiya, ya sha shayinsa, ya ba shi labari daga farko har ƙarshe. Haka ake yi a lokacin, har yanzu ma haka ake yi. Wanda ya aiko da hoto ba tare da ya zo ya zauna ya yi bayani ba, raini ake ɗaukar abin. "Telan da ke maƙwabtaka da shagon ne," in ji Sufeto. "Ya ma riga ya amsa. Kai dai cika mana takarda." Mikiya ya ɗora gilashi, ya nemi inda layuka suka dace, ya kuma same su. A kotu telan ya rantse cewa duka ne ya sa shi amsawa. Da Mikiya ya gama ba da shaida, mutumin bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ɗaga babban yatsansa kawai ya yi yana kallo, yana juya shi, kamar an ba shi aro ne.

"Yana ina yanzu?" ya tambaya.

"Yana gidan yari. Ɗaurin rai da rai ne."

"To. Sai ku rubuta wa ma'aikatar shari'a."

Dakta ta girgiza kai. "Ba ni da iko. Ka manta sharaɗin da ma'aikata ta sa kafin ku yarda ku shiga? Ba suna, ba lambar shari'a. A rahotonmu abin da zai fito kawai shi ne, cikin ɗari an samu kuskure kaza. Ko kiran nan da na yi maka, sai da na yi ta juya shi a raina sati guda. Wanda ya ba da shaida shi kaɗai zai iya rubutawa ya janye ta."

"In na rubuta?"

"Za su buɗe tasa shari'ar. Za su kuma buɗe duk wata shari'a da ka taɓa sa wa hannu." Ta jawo takardun gabanta. "Ajin da muka shirya za ka riƙa koyarwa bayan ritaya, ba na jin zai yiwu. Ba zan ɓoye maka ba."

Wata huɗu ya rage masa. Ya miƙe, ya mayar da kujerar daidai inda ya same ta, ya yi mata godiya kamar wanda aka yi wa kyauta.

A bas ya samu kujerar taga. Ya ga yatsun mutane birjik a jikin gilashin, wani kan wani, manya da ƙanana. A da in ya ga irin wannan sai ya fara ƙirga layuka don nishaɗi. Yau kallonsu kawai ya yi har aka zo layinsu, sai da kwandasta ya taɓa shi ya sauka.

Matarsa ta riga ta kawo abincin rana falo, ta kuma shimfiɗa wani farin yadi a kan doguwar kujera tana shafawa.

"Baban yara, ka ga abin da babbar 'yarka ta aiko na bikin sallamarka? Ta ce ka je a gwada ka da wuri, kada ka ce za ka sa wannan tsohuwar rigar da ta ga gwamnati biyar. Telanmu na jiranka tun shekaranjiya."

Ya wanke hannu, ya zauna, ya fara ci. Bai ji gishiri ba, bai ji rashinsa ba. Shekara talatin da aure ba wasa ba, loma uku ta ƙyale shi ya yi, sannan ta bar yadin.

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Yana nan da ransa."

Ya gaya mata, a taƙaice, da muryar da yake karanta rahoto a kotu. Ta saurara hannunta a haɓa.

"To kai ka ɗaure shi? Ba alƙali ba ne? Shi Sufeton da ya zo ya cika maka kunne fa, yana ina?"

"Ya rasu, shekara shida ke nan."

"Ka gani! Ya tafi ya bar ka da kaya. Kuma ɗan'adam ai tara yake bai cika goma ba. Wata huɗu fa, Baban yara. Mutanen nan in suka samu sunanka, sai sun yi wasan kura da shi."

"Haka ne," ya ce, ya ci gaba da ci.

Ta tashi ta zuba masa ruwa, ta koma ta zauna. Can ta ce, "Yana da iyali?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba?"

"Ban taɓa tambaya ba. Ba ya cikin aikina."

Ta naɗe farin yadin a hankali, ta mayar da shi cikin ledarsa, ta shiga da shi ɗaki. Bai san ko fushi take da shi ba, ko da Dakta, ko da telan, kuma bai samu ƙarfin tambaya ba.

Ƙarfe biyu yana ofis. Abokan aikinsa biyu sun tafi kotu, ɗakin ya rage daga shi sai durowoyin ƙarfe da warin tawada. Ya sa aka ɗauko masa tsohon fayil ɗin daga ɗakin ajiya, ya kunna fitilar tebur, ya jera hotunan, ya ciro gilashin. Mariƙinsa ya sha hannu har ya yi sumul. Wani sashe na zuciyarsa na fatan ya ga ɗaya, ya koma ya ce wa yarinyar nan ambulan ɗinta ne ya ruɗe shi.

Ya sunkuya. Da ya tuna Sufeto da kofin shayi a hannu, sai ga wuraren da ya zana da jan biro shekara goma sha huɗu da suka wuce, guda goma sha biyu, suna nan reras. Da ya tuna Dakta, sai ga wani layi da ya rabu biyu a hoton taga amma ya miƙe sak a katin tela, ƙato, a tsakiyar hoton, inda ba yadda za a yi ido ya tsallake shi. Ya kuma tsallake shi. A rahotonsa na da ya kira wurin datti a jikin gilashi. Duk rayuwarsa in lauya ya matsa masa yakan ce gani ya kori ji, kotu ta yi dariya, ashe kunnensa ne ke riga idonsa isa.

Ya ɗaga kai ya kalli durowoyin. Biyar ne, kowace cike da fayil, kowane fayil da wanda ya kawo shi ya zauna ya sha shayi. Bai ji komai ba har yanzu. Ya jawo takarda. Ya ɗauka rubutun zai yi wuya, sai ga shi layi biyar ya ishe shi: lambar shari'a, ranar da ya ba da shaida, cewa shaidar kuskure ce, cewa ya janye ta. Ya sa hannu, ya naɗe takardar a ambulan, ya sa a aljihu. Gilashin kuwa ya sa shi a durowar tebur ya tura ta.

Ma'aikatar shari'a na rufe karɓar wasiƙu ƙarfe huɗu. Saura minti ashirin ya isa ƙofa. An kafa sabuwar na'ura a wurin, ma'aikaci ya ɗora babban yatsa ƙarfen ƙofar ya buɗe, 'yan sashensu ma an ɗauki nasu. Ya ɗora. Jar fitila ta kama, na'urar ta yi ƙara. Ya goge yatsan a riga ya sake ɗorawa. Ja.

Mai gadin ya fito daga ɗakinsa yana dariya. Tsohon ɗan sandan kotu ne, sun san juna tun gashinsu na baƙi.

"Kai, abar nan ba ta da kunya! Mikiya guda za ta hana shiga? Tawada ce ta cinye maka yatsu, yallaɓai, duk tsofaffinku haka take musu. Zagayo ta nan in buɗe maka, ai na san kai ne."

"Ka san ni ne?"

"Haba! Ko a duhu."

"A'a," in ji Mikiya. "Bari dai."

Ya ɗora karo na uku, ya danna sosai. Jar fitilar ta sake kamawa. Ya ɗaga yatsan zuwa haske yana dubawa. Layukan sun shafe, fatar ta yi santsi, da ƙyar ake ganin zane. Ya juya shi, ya sake juyawa, sai ya tuna inda ya taɓa ganin mutum na yin haka, ya sauke hannun.

"Ina littafin baƙi?" ya ce.

Mai gadi ya daina dariya. "Littafin baƙi kuma? Kai?"

"Miƙo shi."

Ya rubuta sunansa na yanka cikakke, da lokaci, da ofishin da za shi. A layin dalilin zuwa ya tsaya kaɗan, sannan ya rubuta lambar shari'ar tela. Ya karɓi katin baƙo ya rataya a wuya, ya taɓa aljihu ya ji ambulan ɗin na nan, ya kama ƙarfen matakala ya fara hawa.