Ranar da Batulu Ta Ɗaga Murya

Batulu ba ta iya magana da ƙarfi gaban manya ba. Haka aka rene ta a Zariya: ido a ƙasa, murya a ƙasa. Sai Allah ya haɗa ta da Madam Mabel, uwar ɗakinta a unguwar Maitama ta Abuja, mace mai sauri wadda ba ta da lokacin sauraron raɗa.

"Batulu, speak up!" Kusan kowace safiya sai Madam ta faɗi haka.

Batulu ce ta reni Promise, 'yar gidan, tun tana cikin zanen goyo. Ta san kukanta na yunwa, ta san na shagwaɓa. Amma da aka ɗauko Felicity don ta taya ta aiki, sai gida ya cika da murya ɗaya. Felicity irin matan nan ce da ko gaisuwa suke yi sai maƙwabta sun amsa. Batulu ta lura jikin yarinya ya yi ɗumi, Felicity ta faɗa wa Madam, yabo ya tafi wurin Felicity. Abin yana ci wa Batulu tuwo a ƙwarya. Kishi ne tsagwaronsa, ita ma ta sani.

Kwatsam aka mayar da Madam Legas daga wurin aiki. Mai reno ɗaya za ta tafi da ita.

Batulu ta haɗiye girman kai, ta sami Felicity a kicin.

"Wai wannan speak up ɗin da take ce min, me take so?"

"Haba Mama Batulu! Ki buɗe baki ki faɗi abin da yake ranki, da ƙarfi. Nan Abuja in ka yi shiru an wuce ka."

Batulu ta wuni tana bitar maganarta a zuci: ni na rene ta, ki tafi da ni. Iyakarta ke nan.

Da yamma ta shiga falo. Madam na zaune, Felicity na ninke kaya, Promise na barci a kujera. Batulu ta cika ƙirji ta buɗe baki. To, tukunyar da ta daɗe a rufe ba ta zaɓen abin da za ta zubar.

"Wannan ba ta san komai ba sai surutu! Ko ruwan wanka ba ta iya sirkawa ba! Aikina take sata tana kawo miki!"

Har maigadi ya leƙo ta taga. Promise ta farka a firgice, ta ga Batulu tsaye, idanu jajur, tana nuni da yatsa. Ta tsala ihu, ta sauko da gudu ta ɓuya a bayan Felicity.

Batulu ta sauke yatsarta. Ta durƙusa, ta miƙa hannu biyu, ta ce a hankali, "Zo, uwata. Ni ce."

Yarinya ta ƙara ƙanƙame zanen Felicity, ta ƙi ko kallonta.