Koren da ke Gindin Kwalba

An ce a sashen sinadarai wai sabon maganin nan ba ya kashe bakteriya sai in 'yar ƙanin Gwaggo ce ta haɗa shi. Masu kara suka ce hannu gare ta, marasa kara suka ce tana taɓa sakamakon. Gwaggo ta shekara talatin tana koyarwa a sashen kafin ritaya, ba ta yarda da zancen hannu ba. Saura kwana tara 'yar ta kare binciken digirinta na uku a gaban malamai, aikin shekara huɗu.

Gwaggo ta same ta a ɗakin gwaji, 'yar ta jera kwalabe goma sha biyu.

"Gwaggo, duba. A tsarin ƙwayar maganin, zobe ɗaya ne a tsakiyarsu duka, jelar kabon da ke manne da shi ce nake tsawaitawa. Iya tsawon jela, iya kisa."

"Haka littafi ya ce. Ni da littafi mun sha faɗa." Gwaggo ta ɗaga kwalba ta ƙarshe wajen taga. "Wannan garin fari ya kamata ya zama. Me ya sa yake kore-kore?"

"Gishirin jan ƙarfe ne. Doguwar jela ba ta kamawa sai na ƙara shi."

"Sauran masu haɗawa suna ƙarawa?"

"A'a. Su wankewa ma suke yi har sau uku, rabin garin ya bi ruwa."

"Ke kuma tun kina ƙarama ba kya zubar da ko ƙanzo."

'Yar ta yi dariya. Gwaggo ba ta taya ta ba.

Suka shuka bakteriya a faranti uku. Na farko suka ɗiga masa koren garin, na biyu garin da Gwaggo ta wanke da hannunta har ya yi fari fat, na uku gishirin jan ƙarfe tsura. Suka sa farantan a akwatin ɗumi su kwana.

Washegari 'yar ta buɗe akwatin ɗumi, ta tsaya ta kasa miƙa hannu. Gwaggo ce ta fito da su, ta auna da rula. Na farko, filin da bakteriya suka mutu ya zagaye ɗigon, milimita goma sha takwas. Na uku, goma sha takwas. Na biyu kuwa bakteriya sun hau har kan ɗigon.

"Gwaggo, ba wanda ya gani sai mu biyu."

Gwaggo ta daɗe tana goge tabarau da bakin mayafinta.

"Ba ki yi ƙarya ba, 'yata, wannan zan faɗa wa kowa. Amma jelar ba ta kashe komai. Jan ƙarfen ne."