Darar Baba Gajere a Cikin Kaset

Shekara biyu kaset ɗin ya yi a ƙasan akwatin Halidu, naɗe cikin tsohuwar riga. Ba waƙa ba ce a ciki. In aka sa shi a rediyo, ƙara kawai yake yi mai huda kunne. Wasan dara ne da su uku suka rubuta wa ordinata, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, lokacin suna jami'a a Yamai, shi da Ɗayyabu da Salamatu, a wani ɗakin lissafi inda ake ba kowa awa biyu a mako. Mutum ya zauna, na'ura ta kara da shi.

Dabarun wasan kuwa na Baba Gajere ne, ƙanin mahaifin Halidu, wanda duk Babankatami ba mai zama gabansa a dara ya tashi da dariya. Hutu biyu Halidu ya yi yana tsugune kusa da shi da kaye, wato littafin rubutu, da biro, yana tambaya, tsoho yana faɗa yana tsaki. Daga baya malamin da ya ce zai kai wasan a buga shi ya gama kwantiraginsa ya koma ƙasarsu. Ɗayyabu, wanda aka bar wa rubuta ƙarshen wasan, ya samu aiki a gabar teku ya tafi. Aka tura Halidu koyar da lissafi a kwalejin Bouza, aji huɗu, kowanne ya haura yara sittin.

Duk zuwan da zai yi gida, tambayar Baba Gajere, mai kiransa Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko, guda ce: "Mushe, ina ƙarhen nan da kac ce ya iya darata?"

"Yana nan, Baba."

"Yana nan ina? Ni dai idona tahiya shikai."

A ƙarshen 1988 takarda ta zo daga Salamatu, wadda take aikin ƙididdiga a Keita. Ta ce wani mai awon ƙasa da ke shirin barin garin ya bar mata ordinatarsa ta kwana uku, irin tasu ta jami'a sak, mai cin kaset. In zai zo, ya zo ran Asabar.

Halidu bai ji daɗi ba, bai kuma ji haushi ba. Takardun jarrabawa ne jibge a teburinsa, ga zazzaɓi da bai gama sakinsa ba. Ya so ya yi kamar takardar ba ta iso ba. Amma ya san tsoho zai sake tambaya, shi kuwa ya gaji da amsar. Ran Juma'a ya hau mota zuwa Babankatami ya ɗauko shi, suka kwana a Bouza, da safe suka shiga bayan wata tsohuwar mota mai ɗauke da buhunan albasa.

Hanyar duwatsu ce da kwazazzabai. Sau biyu aka sauke su don motar ta iya hawa tudu, Halidu yana riƙe da hannun tsoho, ɗayan hannun yana dafe da aljihun da kaset yake. Sai bayan azahar suka shiga Keita.

Salamatu ta tarbe su a ƙofar gida da ɗiya goye a baya. Ta rame. Ta durƙusa ta gaida Baba Gajere, ta kawo ruwa da fura, sannan ta dubi Halidu.

"Ka tsuhwa, Halidu."

"Alli ne. Ke ma ba ki ƙaru ba."

"Wutar kuran sai ƙarhe huɗu, in an tada gurup. Shida a kashe," in ji ta.

Suka jira a zaure, ba mai doguwar magana. Da aka tada gurup, injin da ke ba da lantarki, wuta ta kawo, suka haɗa na'urar da ƙaramar tele, Halidu ya sa kaset. Minti shida tana ƙara, sai ta tsaya da saƙon kuskure. Ya mayar, ta sake. Salamatu ta zare ɗan ƙarfen gashinta ta murɗa wata kusa a jikin rediyon da ke juya kaset ɗin, kamar yadda ta saba yi a Yamai. A karo na uku gurabe talatin suka fito a gilashi, da sunayensu uku a ƙasa.

Baba Gajere ya matso har hancinsa ya kusa taɓa telen. "Haske ɗai nika gani," ya ce.

Halidu bai yi tunanin wannan ba. Kunya ta rufe shi. Salamatu ce ta fita ta ɗebo yashi a tire, ta zuba a tabarma. Tsoho ya haƙa gurabensa da yatsa, ya karya tsinke goma sha biyu, ita kuma ta tsinto tsakuwa ta zama ta na'ura. In Baba Gajere ya dasa tsinke, Halidu ya buga a na'ura. In na'ura ta amsa, Salamatu ta ajiye tsakuwa inda ta ce, tsoho ya shafa da hannu.

A dasawa ta biyar ya janye hannunsa, ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai! Wagga tawa ta. Nan nika tare Illa mahauci kullum."

Aka gama dasawa, aka fara tafiya. Na'ura ta jera uku ta ci masa tsinke guda. Tsoho ya gyara zama, ya daina dariya, ya ture hularsa baya. Ya ci biyu, ta ci ɗaya, ya sake ci. Halidu ya lura zazzaɓin ya sake shi, ko kuwa ya manta da shi ne. Aka yi ta bugawa har saura tsakuwa biyar, Baba Gajere ya matsa tsinkensa ya ce, "To, ta taho."

Ba ta taho ba. Ɗan haske yana ta ƙiftawa a kusurwar gilashi. Minti guda, minti uku.

"Tunani takai?"

"A'a, Baba," in ji Halidu. "Nan munka tsaya. In ɗiyanta sun koma biyar, ba ta san abin yi ba. Ɗayyabu ne za shi rubuta wurin."

"Ku ƙarasa mana."

Halidu ya dubi Salamatu. Tana jijjiga ɗiyar da ta farka, idonta a kan agogon bango.

"Jibi mai ita za shi ɗauke ta," ta ce a hankali. "Kayen da munka rubuta komi ciki kuma yana wurin Ɗayyabu. Shekara guda ban ji daga gare shi ba."

Tsoho ya daɗe yana shafa yashin. Sannan ya ɗauki tsakuwa guda ya matsar da ita da kansa. "Da ni ne ita, nan za ni." Ya koma gefensa ya amsa, ya sake komawa gefen tsakuwa. Haka ya yi ta yi shi kaɗai har tsinke ya ci, yana gunaguni cewa ai da ta iya kare kanta. Ƙarfe shida gurup ya mutu, telen ta yi baƙi.

Washegari suka samu motar shanu mai komawa Bouza. Baba Gajere ya yi barci tun kafin su fita gari, kansa a kafaɗar Halidu, kafaɗar ta yi tsami amma bai motsa ba. A Babankatami tsoho ya ba da labarin a gindin itacen bedi fiye da sau goma, kowane karo na'urar tana ƙara wayo kafin ya kada ta. Halidu ya rubuta wa Ɗayyabu sau biyu a kan kayen, amsa ba ta zo ba, sai ya bari. Ran Litinin bayan dawowarsu ya makara aji da kwata, yaran kuma suka ga ya zauna yana koyarwa don gajiya, abin da bai taɓa yi ba.