Tebur Biyu a Bayan Malam Lurwanu

Daren jiya Malam Lurwanu ya yi wani mafarki, kuma duk wanda ya san abin da ya kwanta da shi a rai ba zai yi mamaki sosai ba.

Hutun makaranta ya zo, ya yi wa jikokinsa alkawarin kai su babban wurin wasan nan na birni, mai liluka da ɗan ƙaramin jirgin ƙasa. Surukinsa Mansir, wanda ya san kan irin waɗannan wurare, ya gaya masa cewa ranar hutu gidajen abincin da ke ciki cika suke yi maƙil, sai wanda ya buga waya tun da wuri ya kama tebur. Ya kuma ba shi shawara ya kama a wuri biyu a lokaci ɗaya, in an je an ga wanda ya fi kwanta wa mutane a shiga, ɗayan a share shi kawai. Kowa haka yake yi, in ji Mansir. Malam ya kama ɗaya a gidan da ake soya kaza da dankali, saboda yara, ya kama ɗaya a gidan da ake tuƙa tuwo, saboda kansa. Da ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, yana tambayar kansa ko mutum zai iya zaluntar wanda bai taɓa gani ba, da abin da bai taɓa riƙewa a hannu ba. Bai kai ga amsa ba barci ya ɗauke shi.

Sai ga shi a ƙofar wurin wasan da rana tsaka, sanye da hularsa ta zuwa ɗaurin aure. Mai ba da tikiti ƙadangare ne, jan gwada, zaune a kan kujerar roba. Malam ya tambaye shi ko nan ce ƙofar shiga, ya gyaɗa kai. Ya tambaye shi ko ta fita ce, ya sake gyaɗawa. Ba kuɗi ake ba shi ba, hamma ake yi masa, shi kuma ya buga wa mutum hatimi a tafin hannu da wutsiyarsa. Malam ya yi hamma, ya wuce.

A ciki, ƙaton lilon nan mai kama da ƙafar keke yana tsaye cak, gari ne ke juyawa. Mutane na zaune cikin kwandunansu suna cin gyaɗa, kasuwa ta hau sama ta wuce su, sannan tashar mota, sannan wata makarantar firamare da tutarta. A gefe guda balan-balan ne ke riƙe da igiya, mai sayar da su yana can sama iska na kaɗa shi, yana neman wanda zai saukar da shi ya yi salla. Babu wanda ya ga wani abu a ciki, shi ma Malam bai gani ba.

Yana cikin tafiya ya ji ƙwas-ƙwas a bayansa. Da ya waiga sai ya ga tebur biyu suna biye da shi a kan ƙafafunsu. Ɗaya mai santsi ne, ja da fari, yana tafe yana ɗan tsalle. Ɗayan na katako ne, an shimfiɗa masa leda mai hoton furanni, yana ɗingisa ƙafar baya. Kowanne da ɗan kati a tsakiyarsa, an rubuta sunan Malam Lurwanu. Ya tsaya, suka tsaya. Ya ce musu su koma, na katakon ya matso ya goga masa gefe a cinya kamar tunkiyar da aka raina a gida.

Wata lasifika da ke ɗaure a jikin falwaya ta sunkuyo ta yi masa raɗa. A nan lasifika ba ta ɗaga murya, mutum ɗaya take yi wa magana a kunne. Ta gaya masa cewa duk teburin da mutum ya kama, binsa zai yi ta yi har sai ya zauna a kansa ko ya sallame shi. Malam ya ce zai yi tunani. Lasifikar ta ce babu laifi, yawancin masu tebur biyu haka suke cewa.

Daga cikin wani kwandon lilon jikarsa Zuwaira ta leƙo, bakinta duk alewa.

"Maigida, har da kayan ɗaki ka taho? Wace tsohuwar ce ta yarda da kai?"

Ya ce mata ta bari ya hau ya gwada mata tsufa. Amma da ya sa ƙafa a kwandon, teburan suka cusa kai su ma, kwandon ya ƙi ɗaukarsu. Zuwaira ta yi masa gwalo, gari ya juya, wata unguwa ta shiga tsakaninsu.

Sai ga shi a bakin wani dogon layi da ya bi jikin katanga ya sha kwana. A wannan wurin abinci ake fara ba mutum, sannan ya nemi inda zai ajiye. Ba a ajiyewa a ƙasa, domin ƙasa cinyewa take yi har ta yi gyatsa. Don haka kowa a layin yana ɗauke da nasa a ka: wani faranti, wani tire, wata mai goyo da tukunya sukutum. Da Malam ya zo wucewa da tebur biyu a bayansa babu wanda ya ce masa kanzil. Gaishe shi ma suka yi, cikin ladabi, abin da ya fi zagi zafi ke nan.

A tsakiyar layin ya ga Yaya Hansai.

Ita ce yayarsa da ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ma ta daɗe da rasuwa. Tana cikin zanenta mai ruwan goro, wanda take ɗaurawa in za ta je unguwa, da langar tuwo a kai an rufe da faifai. Yanzu ya girme ta nesa ba kusa ba, ko 'yarsa ta fari ta fi ta shekaru, amma yana ganinta ya durƙusa. Ƙanshin man kaɗanya da hayaƙin kara ya daki hancinsa.

"Auta, ka yi furfura," ta ce. "Tashi, kada ka ɓata wando."

Ya tashi. Ya tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau, sai dai tsayuwa. Ta ce tuwon dawa ne da miyar kuka, ta saka daddawa da yawa yadda yake so, tana neman inda za ta sauke ne kawai. Nan take Malam ya jawo teburin katakon ya ce bismillah, ta sauke a nan, ai dama don tuwo ya kama shi. Ta miƙa hannu za ta sauke, teburin ya ja da baya. Lasifikar ta sake sunkuyowa, ta ce teburin da aka kama ba ya karɓar kowa sai waɗanda aka faɗi sunansu lokacin kamawa.

"Ba ka sa sunana ba?" Yaya Hansai ta tambaya.

"Yaya, ai kin rasu."

"Shi ne fa," ta ce, ta gyara zaman langar.

Ya tambayi lasifikar ko zai iya sallamar teburin ya bar wa yayarsa. Ta ce sallama zai iya, amma zaɓen wanda zai samu ba nasa ba ne, abin da mutum bai ci a kai ba bai zama nasa ba balle ya yi kyauta da shi. Teburin da aka saki wurin na farkon layi yake zuwa, sauran kuma kowa ya matsa gaba. Ta ƙara da cewa ba a sakin tebur kamar an kori kare. Baƙo ne, ya yini da mutum, dole a yi masa rakiya har inda za shi.

Malam ya duba layin. Farkonsa na can bayan kwana, ba a ko hango shi. Ya duba yayarsa. A nan ne ya gane yadda abin yake: muddin yana riƙe da tebur biyu layin ba zai motsa ba, muddin layin bai motsa ba Yaya Hansai tana nan a gabansa, inda zai iya jin muryarta.

Sai ya jingina da katanga kusa da ita, ya ce ai ba sauri ake yi ba.

Suka shiga hirar Ƙaura, da gidansu na bayan tashar jirgi, inda kwanuka ke rawa a kan kanta duk sa'ad da jirgin kaya ya shigo. Ya tuna mata ranar da ta aske masa kai da reza ta bar masa tukku a karkace, ya ƙi fita waje har sai da ya tsiro. Ta ce kansa ne a karkace, ba tukkun ba. Ta tambayi bishiyar ɗinyar ƙofar gida, ya ce an sare ta an yi shagon cajin waya. Ta tambayi mene ne cajin waya, ya fara bayani, ta ce ya bari, ba ta son abin da zai ɗaga mata hankali. Ya yi dariyar da ya manta yana da irinta. Rana na tsaye a inda take. Teburan suka kwanta a gefensa suka naɗe ƙafafu.

Yana magana yana satar kallonta. Jijiyar wuyanta ta fito, tana ɗan rawa. Tururin da ke fita ta gefen faifan, wanda da farko yake tashi kamar hayaƙin murhu, ya koma siriri. A gabansu jaririn mai goyon nan ya fara ƙananan kuka, uwar na jijjiga shi da kafaɗa kawai, don hannayenta biyu na tallafe da tukunya. Malam ya kawar da kai, ya ɗauko wani labarin, na shekarar da ruwa ya cinye gadar garinsu. Ya san abin da yake yi. Ya gaya wa kansa cewa ba shi ya kafa dokar wurin ba, kuma tebur ɗaya ba zai ƙarar da layi irin wannan ba, kuma wanda ya yi shekaru yana kewar mutum yana da ɗan haƙƙi. Duk hujjojin suka tsaya da ƙafafunsu, babu wadda ta faɗi, amma wuyan Yaya Hansai bai daina rawa ba.

Ita ba ta ce masa ya saki ba. Ta dai tambaye shi ko yana tuna kwanon Baba. Mahaifinsu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba a sanin ranar da zai kwana a gida. Kullum sai ta zuba nasa a farin kwano, da tsokar da ta fi kowace girma, ta rufe ta ajiye a kan randa. Malam ya ce yana tunawa, har da yadda yake zama yana kallon kwanon yana haɗiyar yawu.

"In ba zai zo ba, aikowa yake yi daga tasha tun kafin magariba," ta ce. "Sai in buɗe in raba muku da zafinsa. Bai taɓa barinmu muna gadin tuwo har ya sandare ba. Ko ruwa ake yi sai ya sami wanda zai aiko."

Malam ya dubi teburin katakon. Can ya ce, "In na raka shi, kafin in dawo kin matsa."

"To, ai layi ne, Auta."

Ya sunkuya ya cire katin daga kan teburin katakon. Ya yi masa godiya, ya ba shi haƙurin yawon da ya sa shi, kamar yadda ake yi wa baƙon da aka tsayar a zaure ba a fito ba. Teburin ya miƙe ya karkaɗe ledarsa. Malam ya so ya ce wa yayarsa wani abu mai nauyi, irin wanda mutum ke tanada shekara da shekaru, amma abin da ya fito shi ne ta jira shi, yanzu zai dawo. Ta ce ya gyara hularsa, ta karkace.

Suka bi jikin katanga, shi da teburin, na kaza da dankalin yana biye daga nesa. A farkon layi wani mutum ne da matarsa da tsohuwar uwarsa, ba su san Malam ba, shi ma bai san su ba. Teburin ya je gabansu ya tsaya daram, ɗingishin ma ya bari. Suka sauke kayansu. Tsohuwar ta daɗe tana murza wuyanta kafin ta zauna. Babu wanda ya gode masa, don ba su san daga inda teburin ya fito ba. A bayansa ya ji layin gaba ɗaya ya ja ƙafa, shuuu, kamar an share tsakar gida da sabuwar tsintsiya.

Ya juyo da sauri. Ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya har ya iso inda ya bar ta. Wani dogon mutum ne a wurin, da ƙwaryar fura a kai. Malam ya tambaye shi ko ya ga wata mai zane ruwan goro. Mutumin ya ce ta matsa gaba, kuma a nan wanda ya matsa ba a sake cim masa, ko an bi layin daga farko har ƙarshe.

"Kai ne Auta?" ya tambaya. "Ta bar saƙo. Ta ce a gaya maka miyar da sauran zafinta."

Malam ya buɗe baki zai tambayi ko ta faɗi wani abu bayan wannan, sai katangar ta fara kakkarwa, wata ƙara ta taso daga ƙarƙashinta tana ƙaruwa. Injin markaɗen maƙwabta ne, an tayar da shi, mata har sun fara jera bokitan wake a bakin ƙofa. Gari ya waye. Malam Lurwanu ya tashi zaune, ya ɗan jima a haka, sannan ya shiga laluben tabaransa, don lambar gidan tuwon da ƙananan baƙaƙe ya rubuta ta.