Kada Ki Sake Tambayata

A shekarar 1999, in ka shigo unguwarmu a Gumel ka tambayi gidan mai intanet, ƙofata za a nuna maka. Ba don mutane sun san mece ce intanet ba, sai don ni ban bar kunnen kowa ya huta da zancenta ba. Sunana Siddiƙu, a sashen gona nake aiki. Kwas aka tura ni Kano na 'yan watanni, na dawo da tsohuwar kwamfuta, da tabarau wanda ba likitan da ya rubuta mini shi, da wani irin kallon tausayi da nake yi wa duk wanda bai je kwas ba.

Elias ne ya haɗa mini ita. Abokin aikina ne, mutumin Kafanchan, ya daɗe a Gumel har tuwon gero ya bi jikinsa. Ya zare igiyar wayar gidana daga bango ya cusa a bayan kwamfutar, ya jawo wata igiyar daga kwamfutar zuwa kan wayar. Ya nuna mini burauza, wato abin da ake buɗe shafuka da shi, sannan ya juyo ya dube ni.

"Oga Siddiƙu, layi ɗaya ne fa. In kwamfuta tana kan layi, duk wanda ya bugo ba zai same ka ba. Kuma wurin saitin nan, ka bar shi yadda na bar shi."

Na ce, "Haba Elias, a Kano fa na yi kwas."

A lokacin matata Hannatu tana da tsohon ciki, cikin fari. Da watan haihuwa ya kama, na kai ta Sule Tankarkar goyon ciki, wurin Gwaggo Yelwa, yayar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama. Buri ɗaya ne a raina, kuma Hannatu ta san shi: in mace aka samu, sunan mahaifiyata zan sa mata, Kaltume. Inna ta rasu ina makaranta, ban taɓa saya mata ko kallabi da gumina ba. Abin yana ci mini rai har yanzu, kuma sunan nan shi kaɗai ne abin da ya rage da zan iya yi mata.

Da zan juyo gida, na durƙusa a zaure ina sallama da surukina, Alhaji Ubale, dattijo mai magana a hankali. Ya ce, "In Allah ya sauke ta lafiya, sai mu turo yaronmu Dogo a babur ya sanar da kai."

Kamata ya yi in ce to, in yi godiya, in tashi. Amma bakina bai iya zama haka kawai ba. Na gyara tabarau na ce, "Ai Baba, zamanin ɗan aike ya wuce. Ga Yaya Barau a sakatariya, akwai waya a ofishinsu. Ya bugo kawai. Kafin Dogo ya tayar da babur, ni na ji labari."

Alhaji ya dube ni, ya ɗan jima yana dubana. Sai ya juya ga babban ɗansa ya ce, "Barau, ka ji. Zamani ya wuce. Waya za ka buga."

Na fito ina jin daɗi, wai na wayar wa tsoho kai.

Na dawo gida ba mata, ba mai ce mini tuwo ya huce, sai ni da kwamfuta. Nan na fara lura da halayenta da ba su yi mini ba. Na farko, duk sanda za ta hau layi sai ta yi wani ƙaraji kamar an taka wutsiyar kyanwa, har maƙwabciyata ta aiko tana tambaya ko lafiya. Na biyu, layin Kano da take bugawa ta shiga intanet ba ya da tabbas, kana tsakiyar jiran hoto ya sauko, ya kai ga wuyan mutum, sai ya yanke. Na uku kuma shi ya fi ba ni haushi: duk sanda na rufe burauza, sai wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar allo yana tambaya ko ina so a sauka daga layi. Kullum tambaya, kamar ni yaro ne ban san abin da nake so ba.

Sai na shiga wurin da Elias ya ce kada in shiga. Na lalubo inda ake rage ƙara, na ja shi har ƙasa, ƙaraji ya mutu. Na ga inda aka ce in layi ya yanke ta sake bugawa da kanta, na sa alama. Na ga wani wuri da ke sauke ta daga layi in an daɗe ba a taɓa ta ba, na ce wannan ai rowa ce, na cire alamar. Da ɗan akwatin nan ya sake faɗowa, na hango wani ƙaramin gurbi a ƙasansa mai cewa kada a sake tambaya. Na danna shi da ƙarfi, na danna abin da ke kusa da hannuna ba tare da na karanta ba, har ina cewa a fili, "Kada ki sake tambayata." Ta kuwa ji magana. Daga ranar, in na rufe burauza, shiru kake ji. Na jingina da kujera ina mamakin yadda Turawa suka ƙera abu, amma sai da ya zo Gumel aka gyara shi.

Da na lissafa kwanakin Hannatu sun cika, na ɗauki hutu a wurin aiki. Na rufe burauza, na yi wa kaina alkawari ba zan sake buɗe ta ba sai na ji labari, don na riƙe gargaɗin Elias na layi ɗaya. Kwamfutar dai ban kashe ta ba, saboda a kwas an ce mana yawan kunnawa da kashewa yana gajiyar da ita. Na lulluɓe ta da mayafin da Hannatu ta yi wa ado da zare, na jawo tabarma na zauna gaban waya.

Ban taɓa yi wa wani abu ladabi irin wanda na yi wa wayar nan ba. Ko kanta ban ɗaga ba, don kada a bugo daidai lokacin a tarar na tare layi. Maƙwabta da suka saba zuwa bugawa, na sallame su daga bakin ƙofa, har da wani dattijo da ya ce ɗansa ne ba lafiya a Haɗeja. Salla kuwa a sahun baya nake yi, jikin tagar masallacin da ke kallon gidana, kunne ɗaya ga liman, ɗaya ga falo. Wuta ma, wadda ba ta saba zama ba, a makon nan ta zauna daram, in ta ɗan ɗauke kuma batirin da na haɗa wa kwamfutar ya riƙe ta.

Waya ba ta yi ƙara ba. Hankalina ya tashi ƙwarai, abinci ya daina shiga. Zuwa Sule Tankarkar ba wata tafiya ba ce, amma da wane ido? Cikin fari ne, mutum ba ya zarya gidan surukai yana tambaya ko an haihu. Balle ni da na tsaya a zaure na kashe zamanin ɗan aike da bakina. Sai na riƙa lallashin kaina da cewa ai cikin fari yakan yi nawa.

Ranar Juma'a da hantsi aka yi sallama. Elias ne da matarsa Magdalena, tana riƙe da leda cike da sabulu da hoda da 'yan rigunan jarirai, bakinta har kunne.

Ta ce, "Barka, Baban bebi! Kai, Oga Siddiƙu, haka ake yi? Sai a kasuwar Maigatari zan ji jiya, a bakin wata mai daddawa 'yar garinsu? Mace, ko? An ce gobe suna."

Na ce, "Sunan wa?"

Murmushinta ya tsaya. Ta dubi mijinta. Elias ya cire takalmi ya wuce falo, ya yaye mayafin, ya motsa linzamin kwamfutar, allo ya kawo haske. Ya nuna mini can ƙasa a kusurwa, kusa da agogo, wasu 'yan hotunan kwamfuta guda biyu ƙanana, manne da juna.

"Ka ga wannan? Tana kan layi."

"Na rufe ta! Wallahi na rufe ta tun makon jiya!"

"Burauza ka rufe, Oga. Layi daban ne. Ba ta tambaye ka ko za ka sauka ba?"

Na ce, "Na hana ta tambaya."

Ya buɗe saitin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da kowace alama inda ya bar ta, bai ko dube ni ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya danna wani wuri, 'yan hotunan suka ɓace. Ya ɗaga kan wayar ya miƙo mini, na ji layi yana gurnani lafiya lau. Ashe duk zaman da na yi ina gadin waya, ina korar dattawa, kwamfutata tana ƙarƙashin mayafi riƙe da layin Kano, in ya yanke ta sake bugawa a hankali ba ƙara, kamar yadda na koya mata.

Yadda na sayi rago a ranar, ban so a tuna. Dillalai sun ga gumi a goshina, suka haɗa ni da wani mai tari. Na sayi goro ban ko buɗe huhun ba. A motar haya ni da ragon muka raba kujerar baya, yana tari ina salati, har muka shiga Sule Tankarkar bayan la'asar.

Barau na fara gamuwa da shi a ƙofar gida. Ko hannu bai ba ni da kyau ba. Ya ce, "Tun ranar da ta fara naƙuda nake bugawa. Safe, rana, har na koma ofis ranar da ba aiki. Kullum layi a tare. Da wa kake magana haka, Siddiƙu?"

Na wuce zaure na durƙusa. Alhaji Ubale ya amsa gaisuwata cikin sakin fuska, ya yi mini barka, ya tambayi hanya. Sannan ya ce, "Dogo ya so ya zo. Har ya tayar da babur. Na ce masa a'a, an ce zamaninsa ya wuce." Ya gyara zama. "Yarinya kuma ba ta zama ba huɗuba. Da muka ji shiru, na yi mata da sunan Gwaggonsu Yelwa na yanka, Ramatu, don ita ta sha wahalar. Amma kai ne uba. Gobe kai liman zai tambaya, abin da ka faɗa shi ne suna."

Wani sanyi ya ratsa ni. Ashe ƙofa ba ta rufe ba. Na shiga cikin gida ina shirya yadda zan yi maganar cikin ladabi.

Gwaggo Yelwa na tarar a bakin ɗaki, tsohuwa ƙanƙanuwa, jaririyar a cinyarta. Ba ta taɓa haihuwa ba, Hannatu ce 'yarta. Tana ganina ta fara hawaye tana dariya. "Zo ka ga takwarata, Siddiƙu. Allah ya yi maka albarka. Na tsufa ba a taɓa yi mini takwara ba, sai a gidanka." Ta ɗora mini yarinyar a hannu. Goshin Inna ne sak, har da ɗan lotsawar haɓa.

Da tsohuwar ta tashi duba ruwan wanka, na matsa bakin ƙofa. Hannatu tana zaune a gefen gado, ta rame, idonta a ƙasa. Na yi mata sannu, na ce a hankali, "Ba ki faɗa musu ba? Sunan Inna?"

Ta ce, "Ban faɗa ba, Malam. Kwana biyu ina abu ɗaya, har an fara maganar neman mota. Duk sanda na buɗe ido sai in tambaya ko an same ka, a ce kana kan waya. Gwaggo ce ta riƙe ni." Ta ɗago ta dube ni, ba fushi a fuskarta, gara ma a ce akwai. "Ga ta nan. In za ka karɓe, kai za ka faɗa mata."

Washegari da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Aka raba goro, rabinsa ya bushe. Mahauci ya kayar da ragona, ya ɗora wuƙa yana jira. Daga cikin gida ina jiyo muryar Gwaggo Yelwa tana ba mata umarni, muryar wadda ranarta ce. Alhaji Ubale yana gefena yana jan carbi, bai dube ni ba.

Liman ya sunkuyo ya kawo kunnensa daidai bakina. Ya ce, "Malam Siddiƙu, wa aka samu?"

Sunan Inna yana kan harshena. Na ji nauyinsa, na ji ƙwalla ta cika mini ido a bayan tabarau. Ba wanda ya hana ni, ba wanda zai ce don me.

Na ce, "Ramatu."