Robar Wuƙar Fannami

A maƙerarmu da ke bayan kasuwar Haɗeja akwai doka guda wadda ba a rubuta ba, amma ko akuyar gidanmu ta san ta: ƙarami ba ya sake aikin da babba ya gama. In Baffa Sunusi ya ɗora guduma a kan abu ya ce ya yi, to ya yi, ko da kana kallon laujen ya karkace kamar ƙafar kaza. Shi ne yayan mahaifina, shi ne kuma babban rumfar tun rasuwar kakanmu. Wanda ya karya dokar nan, barin rumfar yake yi. Na ga an yi wa mutum biyu, har yau ba su dawo ba.

Ni Safiyanu shekarata arba'in da ɗaya. Ashirin da shida daga ciki na yi su ne a kan kututturen da mahaifina ya zauna, gaban uwar maƙerar da ya bari. Ba ni da gona, ba ni da babur. Da wannan kututturen nake ciyar da 'ya'ya huɗu, don haka in na ce na san abin da dokar take nufi, ba da baki kawai na sani ba.

Lokacin da ruwa ya cika fadama ne Baba Fannami ya shigo mana. Masunci ne daga wajen Auyo, kakanninsa daga Tafkin Cadi suka zo, dogo siriri, ba ya son yawan magana. Ya gaida Baffa, ya gaishe mu, sannan ya zaro wuƙa daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Irin mai naɗewar nan ce, ta ƙasar waje. Ɗansa Ahmed ne ya aiko masa da ita daga Legas shekara bakwai da suka wuce, kuma ko makaho ya shafa ta ya san ba ta bakin titi ba ce.

"Ta fara girgiɗi, Malam Sunusi," in ji shi. "In na buɗe ta kuma ina jin ƙasa-ƙasa a ciki."

Ya nuna mana yadda yake amfani da ita. Da babban yatsa ɗaya yake tura ta, ta buɗe, ta yi ƙas. Ya ce a cikin kacalla yake kafa raga, wannan doguwar ciyawar da ta cinye hanyoyin ruwa. Ragar yanzu kuwa zarenta na leda ne, ba ya tsinkewa, in ya naɗe ƙafar mutum a cikin ruwa sai dai wuƙa. Hannu ɗaya yana riƙe da gefen jirgi, ɗayan shi zai buɗe ta ya yanke.

Kusoshinta masu kan tauraro ne, babu abin da zai kwance su a kayan Baffa. Ni ke da ɗan sukundireban da na saya wurin masu gyaran waya, wanda Baffa ke kira tsinken sakace. Ya miƙo min wuƙar ba tare da ya kalle ni ba. Na kwance, na raba ƙotar biyu, na jera komai a kan faranti. A inda ƙarfen wuƙar ke juyawa akwai wasu 'yan zobuna biyu farare, ɗaya ta kowane gefe, siraran gaske kamar ɓawon albasa. Baffa ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga ta sama, ya lanƙwasa, ya ɗan cije ta.

"Roba," in ji shi. Sai ya fashe da dariya. "Fannami, an cuci ɗanka. Sun yi maka ado a waje, sun cusa maka robar bokiti a ciki. Ka taɓa ganin wuƙar kirki da roba a cikinta?"

'Yan'uwana suka taya shi dariya, don in Baffa ya yi dariya ba a barinsa shi kaɗai. Ya watsar da zobunan a ƙasa, ya jawo guntun tsohon lauje, ya ce a zuga wuta. Zan faɗi gaskiya, ko da tana yi min ɗaci: aikin da ya yi ran nan ba kowane maƙeri ne zai iya ba. Ya daki baƙin ƙarfe har ya koma kamar takarda, ya yanko zobuna biyu, ya huda su, ya goge su har suna ɗaukar ido. Na mayar da wuƙar na ɗaure. Ta buɗe ta yi ƙas, babu girgiɗi ko kaɗan.

Ni kuwa kafin nan na sunkuya na tsince robobin daga cikin toka. Na wanke su da ruwan buta, na duba su a rana. Shekara bakwai a cikin ruwan kogi da yashi, amma ko tsagewa ba su yi ba. Laka ce kawai ta taru a kansu, kusar tsakiya kuma ta ɗan saki. Abin da wuƙar ke nema ke nan tun farko, wanki da ɗauri.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma duk rani manoman alkama suna kawo min ƙananan kayan injin ban-ruwa in gyara. A nan na lura duk inda ƙarfe biyu za su gogi juna a cikin ruwa, masu ƙera injin sai sun raba su da roba. Ba rowa ce ta sa su ba. Roba ba ta tsatsa, tana da santsi, in yashi ya shiga sai ya nutse a jikinta maimakon ya ci ƙarfen. Wanda ya ƙera wuƙar Fannami ya san abin da yake yi.

"Baffa," na ce, a hankali, "baƙin ƙarfen nan zai yi tsatsa. A ruwa yake wuni da ita."

"Ya sa mata mai."

"Mai ba ya zama a ruwa, Baffa. Robar nan lafiyarta lau, ga ta."

Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da yake yi min tun ina yaro mai zuga wuta. "Safiyanu, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tun kakan kakanka ba a taɓa fitar da aiki daga rumfar nan da roba a jikinsa ba. Ba kuma a kaina za a fara ba."

Na yi shiru. Wannan shirun ne abin da na fi jin kunyarsa a duk labarin nan. Fannami ya yi godiya ya tafi, ni kuma na ƙulle robobin a ƙyalle na sa a aljihun gaba. Kwana tara ina yawo da su. Duk sanda na ga masu kifi sun shigo kasuwa da kwandunan tarwaɗa sai in tsaya ina leƙen fuskokinsu ko akwai wani labari. Matata Mardiyya ta tambaye ni abin da ke damuna, na ce mata ciwon kai ne.

A kwana na goma da hantsi sai ga Fannami yana ɗingishi. Ya ɗaure idon sawunsa na hagu da tsumma. Ya yi sallama, ya zauna, ya gaisa da kowa kamar yadda ya saba, har da tambayar iyali. Sannan ya ajiye wuƙar a gaban Baffa. Jan ruwan tsatsa ya zubo daga tsakiyarta ya bushe a jikin ƙotar.

"Ta ɗan yi tauri," in ji shi.

"Me ya sami ƙafar?" na tambaya.

"Raga ce. Shekaranjiya, a cikin kacalla. Ruwa ya kawo min nan." Ya nuna ƙasan haɓarsa. "Na tura ta da yatsa ta ƙi. Na saki jirgin na sa hannu biyu ta ƙi. Da haƙori na buɗe ta. Allah ya sa da sauran kwana."

Ya faɗi haka kamar mai ba da labarin farashin gero. Bai zargi kowa ba. Irin mutanen nan ne da in ka taka su, su za su ba ka haƙuri, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai.

Baffa ya ɗauki wuƙar, ya yi ta kokawa da ita har ta buɗe. Na ga hannunsa ya ɗan tsaya. Ya gani, wallahi ya gani, don ba jahili ba ne a kan ƙarfe. Na jira ya ce a miƙo masa tsinken sakace. Da ya faɗi haka, da na sunkuyar da kai na miƙa masa robobin ta ƙarƙashin tabarma, babu wanda zai sani. Amma idon 'ya'yansa da na ƙannensa duk yana kansa. Sai ya jawo kwalbar baƙin mai, ya ɗiga mata, ya buɗe ya rufe sau goma, ya goge da gefen rigarsa.

"Ga ta nan. Ka riƙa sa mata mai safe da yamma. Ƙarfe yana son kulawa."

Fannami ya dubi wuƙar, ya dubi Baffa. Ya miƙa hannu biyu zai karɓa.

"Baba Fannami," na ce, "ba ni ita."

Mai zuga ya tsaya. Fannami ya rasa yadda zai yi, sai na taso na karɓe ta daga tsakaninsu, na koma kan kututturena. Na zaro sukundireba. Ba zan ɓoye ba, sau biyu ina kuskuren kan kusar.

"Me kake yi?" in ji Baffa.

"Gyara, Baffa."

"Na gama wannan aikin."

"Na sani."

Na raba ƙotar. Zobunan da ya ƙera sun manne da ƙarfen wuƙar, sai da na sa bakin kurfin yankan ƙarfe na ɓamɓare su. Suka faɗo a faranti jajur. Ban ɗaga su na nuna wa kowa ba, ba tozarta shi na zo yi ba. Na kankare tsatsar, na wanke, na busar. Sannan na kwance ƙyallen da ke aljihuna.

"Safiyanu." Muryarsa ta sauka ƙasa. "Ni na riƙe ka a rumfar nan bayan ubanka. Ka san doka. In robar nan ta shiga wuƙar nan, kai ka fita."

"Baffa, mutumin nan ruwa zai koma gobe."

"Ban tambaye ka ba."

"A bar ta haka, Malam Safiyanu," in ji Fannami, yana ƙoƙarin miƙewa a kan ƙafarsa mai ciwo. "Zan sa man. Kada a raba zumunci a kaina."

"Zauna, Baba. Ba a kanka ba ne."

Na tuna 'ya'yana, na tuna ba ni da ko rumfar kara a wani wuri. Na tuna kuma babu manomin da zai kawo wa korarren ɗan gidan Sunusi fartanya alhali Sunusi na raye. Duk na tuna, babu wanda ya ɓace min. Na ɗora roba ɗaya, na ɗora ƙarfen wuƙar, na ɗora ɗayar, na rufe, na ɗaure kusar daidai yadda take so. Na tsoma wuƙar cikin kaskon ruwan da muke kashe ƙarfe, na juya ta a cikin dagwalon, na ciro ta tana ɗiga. Na miƙa wa Fannami.

"Hannu ɗaya, Baba."

Ya tura ta da babban yatsa. Ta buɗe.

Fannami ya naɗe ta, ya sa a aljihu, ya yi wa Baffa sallama da ladabi, Baffa bai amsa ba. Ya juyo gare ni, ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya fita yana ɗingishi.

Ban jira a maimaita min ba. Na samo tsohon buhun taki na zuba 'yan kayana, na ɗauki gudumata, na ce wa 'yan'uwana sai wata rana. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Har na kai bakin rumfa sai na ji muryar Baffa.

"Safiyanu."

Na tsaya. Don wauta irin ta ɗan Adam na ɗauka cewa zai yi in dawo in zauna. Na juyo. Idonsa ya yi ja, kuma ba hayaƙi ba ne.

"Gudumar nan ta gidan nan ce."

Ƙotarta ta lotsa daidai wurin yatsuna, shekara da shekaru ina riƙe ta. Na koma, na durƙusa kamar yadda aka koya min, na ajiye ta a gabansa. Na fito cikin rana da buhu mara nauyi, ban san abin da zan gaya wa Mardiyya ba. Raina ya ɓaci, ina kuma jin tsoro, amma ban yi nadama ba. Da Fannami zai sake kawo wuƙar nan gobe, robar zan mayar.